Giyar Sallamar Baba daga Dagenham

Ni 'yar mai burukutu ce, ban kuma taɓa ɓoye wannan ba, ko a majami'a. A ƙauyenmu da ke gindin dutse, kudu da Jos, idan Inna ta sauke tukunya har daga ƙetaren rafi ake zuwa. Tun ina goye hancina ya san ƙanshin tsiron dawa, kafin in shiga makarantar mishan kuwa harshena ya iya bambanta giyar yau da wadda ta fara juyawa. Da wannan hanci da wannan harshe na sauka Landan, a shekarun da kuɗin mai ya yi wa ƙasarmu yawa, lokacin da gwamnatin jiharmu ke kwasar 'ya'yan talakawa tana turawa karatu kamar mai rabon goro. Ni aikin jinya aka turo ni in koya. Sunana Saratu.

Zangona na farko Stratford. Wani ɗan ƙasarmu mai zaƙin baki ya tare ni, ya karɓi akwatina tun ban miƙa ba.

"Sister, flat ne mai kyau, kusa da tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba ki da matsala."

Sai da na kwana biyu a ɗakin na gane dalilin da ya sa nake tarar da gadon da ɗumi idan na dawo daga asibiti da yamma. Ashe wata mai aikin dare ce ke kwana a kai da rana. Gado ɗaya ya ba mu haya, ni da ita ba mu san juna ba sai ta gashin da take bari a matashi. Na samu mai zaƙin bakin na zazzage masa duk Turancin da na koya a mishan, da ya ƙare na ci gaba da Hausa, da ita ma ta ƙare na koma yarenmu. Ko a jikinsa.

Amma ko ina cikin fushi garin bai daina ba ni mamaki ba. Jirgi a ƙarƙashin ƙasa, matakala na tafiya da kanta kana tsaye, mutane cunkus a tarago ba mai ce wa wani sannu. Da sassafe a jera kwalaben madara a ƙofar gidaje, babu mai gadi, babu mai ɗauka. Na taɓa tsayawa ina gadin wata kwalba da ido don in ga wanda zai sace ta, har na kusa makara.

Hajara ce ta fitar da ni. 'Yar Kano ce, ajinmu ɗaya, ba ta da yawan magana amma ba abin da ke wuce ta.

"Saratu, wannan zaman naki ba zai yi ba," ta ce. "Kin tuna tsohon nan da matarsa ta rasu a ward ɗinmu, mai kawo mana biskit? Yana da ɗaki a Dagenham. Na yi masa magana, ya ce ki je ki gani."

Gidajen Dagenham kamar uwa ɗaya ta haife su, layi bayan layi, sai ka lura da launin ƙofa kafin ka gane naka. Mista Harold ya yi aiki a masana'antar motoci har ƙarfinsa ya ƙare. Dogo ne mai manyan kunnuwa, yana magana kamar mai tsoron tada wani daga barci. Ban iya kiran sa'an ubana da suna gatsau ba, sai na ce masa Baba. Ya yi ja har kunne, ya ce ba wanda ya taɓa kiransa haka, Allah bai ba su haihuwa ba. Daga ranar ya zama Baba Harold.

Ranar da na tare, ina jera kaya, na ji wani abu daga kabad ɗin saman bene inda tankin ruwan zafi yake. Bulum. Shiru. Bulum. Kamar kwaɗo a rijiya. Hancina ya riga ƙafata isa wurin. Na buɗe, sai ga tulunan gilashi a jere, wani ja kamar zoɓo, wani ruwan zuma, wani kuwa, ku gafarce ni don aikina ne, sak fitsarin mai shawara. Kowanne an toshe bakinsa an soka lanƙwasasshen bututu mai ɗan ruwa a ciki. Ta nan iska ke fita tana wannan ƙara.

"Baba, giya ce wannan!"

Ya hayo da sauri yana ba ni haƙuri, wai idan addinina bai yarda ba zai kwashe su zuwa rumfar bayan gida.

"Sana'ar uwata ke nan," na ce. "Ina gonar?"

"Wace gona?"

"Inda kake samo abin da ka dafa."

Ya sauko da ni kicin, ya buɗe kabad, ya miƙo mini gwangwani. Na juya shi a hannu. An zana inabi a jiki. Ya huda ɗaya, wani ruwa mai kauri kamar maɗi ya ɓullo. Ya ce a wata ƙasa mai rana ake matse 'ya'yan itacen, a ƙafe ruwan har ya yi kauri, a rufe. Kai dai ka juye a bokiti, ka ƙara ruwa da sukari, ka barbaɗa yisti daga 'yar takarda. Shi ke nan.

Na zauna ba shiri. Na tuna Inna da jiƙon dawa, da shanya, da niƙa a dutse har tafin hannu ya yi kanta, da itacen da muke saukowa da shi daga kan dutse, da hayaƙin da ya mai da idonta ja tun ba ta tsufa ba. Ga wani tsoho ya tarar an rufe masa duk wannan wahala a gwangwani, ya ajiye ta kusa da sardin. Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Na dai riƙe gwangwanin na daɗe.

Jin daɗinsa duka a haɗawa yake. Ranar Asabar sai ya jera ƙananan kofuna a tebur, cokali daga wannan tulu, rabin cokali daga wancan. Matsalar ita ce fentin masana'anta ya kashe masa hanci tun tuni. Matarsa ce ke ɗanɗanawa.

"Tun da ta tafi a makance nake haɗawa, Sara," ya ce.

Ai kuwa ya faɗa hannun da ya dace. Na zama harshensa. 'Ya'yan itacen nasu ban san rabinsu ba, sai na raɗa musu sunayen gida. Baƙin mai ɗan bauri na ce masa ɗinya, koren mai kashe haƙori na ce masa tsada. Har ya iya faɗa, wai "sada". In na kurɓa na ce, "Wannan zaƙi kawai, ba ƙashi," sai ya ɗiga tsada. In na ce, "Wannan faɗa yake da maƙogwaro," sai ya sassauta shi da tuffa. Ban taɓa sanin ana aurar da giya da giya ba. A gidanmu abin da tukunya ta bayar shi ake sha.

Inda muka rabu da shi wuri ɗaya ne. Mu burukutu da ranta ake shanta, tana tafasa a ƙwarya, kumfa na tashi tana tsiyaya a hannu. Ta kwana ta yi tsami, ta ƙara kwana sai aladu. Shi kuwa sai tulu ya yi tsit, ruwan ya kwanta garau, sannan ya zuƙe shi da tiyo zuwa kwalba, ya ajiye wata da watanni. Na ce masa wannan ai gawa kuke sha. Bai yi musu ba. Ya shiga ƙarƙashin bene ya ɗauko wata kwalba mai ƙura, ya ce matarsa ce ta haɗa ta shekaru kafin ta kwanta ciwo. Ya zuba mini kaɗan.

Matar nan ni na rufe mata ido da hannuna a asibiti. Ga shi yau aikin hannunta a bakina, da daɗinsa, da ƙanshinsa, ba abin da ya same shi. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin giyar da ta fi mai yinta tsawon rai ba.

Da kaka Ɗanjuma ya dawo daga hutu. Ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu ne, yana karatun safiyo, wato awon ƙasa, a nan Landan. Da na ga ya ƙi kujera, ya cire hula ya tsuguna a bakin ƙofar kicin, na san ba lafiya ba.

"Yaya Saratu, sai haƙuri. Babanki ya tafi tun tsakiyar damina."

Na yi kuka irin wanda ba a yi a ƙasar nan, da murya, har maƙwabta suka leƙo. Babana bai taɓa taka majami'a ba, hanyar kakanninsa ya bi har ya mutu, amma shi ya sayar da awakinsa ya kai ni mishan da ƙafarsa. An binne shi ina nan ina gyara gadon baƙi, ban sani ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

"Inna fa?" na tambaya da na samu numfashi.

"Tana nan da igiya."

A wurinmu, idan miji ya mutu ana ɗaura wa matarsa igiyar rama a ƙugu. Muddin tana ɗaure, ba kasuwa, ba shafa mai, ba hura wutar giya. Tukunyarta a kife. Sai shekara ta zagayo a yi sallama, kowane ɗa ya kawo giyarsa a zuba a kabari, sannan dattijon gida ya yanke igiyar. Wadda ba a yi sai da ita kuwa ita ce giyar 'yar fari. Ni ce 'yar fari.

"Baba Tanko ya ce in gaya miki," in ji Ɗanjuma, yana nufin wan babana, mai riƙe da al'adar gidanmu, "in giyarki ba ta zuba ba, igiya na nan."

"Ya san inda nake?"

"Ya sani. Ya ce ba shi ya aiko ki ba."

Na je wurin shugabar makarantarmu. Ta saurare ni da ladabi, ta ba ni shayi, ta ce damina mai zuwa lokacin babbar jarrabawa ce, wanda ya tafi ya bar gurbinsa ke nan. Saura mini shekaru kafin in gama. Na dawo gida ina ganin Inna a idona, macen da ba ta iya zama ba, zaune a bakin ɗaki da fata fururu, tana kallon tukunyarta a kife har sai ranar da na ga damar dawowa.

Baba Harold ya bar ni na gama bayani, yana murza kunnensa. Sannan ya ce, "Dole ke za ki kai, ko dole ke za ki yi?"

"Hannuna dai ya yi ta. Amma Baba, giyarmu ko kasuwar gaba ba ta kaiwa."

"Taku ke nan," ya ce, ya kalli ƙarƙashin bene.

Sai dai ba a yi wa mamacinmu sallama da inabi. Sai da dawa. Na shiga neman dawa ruwa a jallo. Wani mai kanti a Stratford ya rantse mini yana da ita, ya auno mini wani farin hatsi a takarda, ya ce ai haka take komawa in ta sha sanyin Turai. Ni ma son zuciya ya sa na yarda. Na jiƙa, na rufe, na jira. Ko tsiro ɗaya, sai wari kamar an buɗe kwata. Surfaffen sha'ir ne ya sayar mini. Na koma da bokitin har kantinsa, na ajiye masa a kan teburi, na fito.

Wata Lahadi ina shanya a bayan gida, maƙwabcinmu mai kiwon tattabarun tsere yana watsa musu abinci. Wasu ƙwayoyi suka tsallako shinge suka faɗo kusa da ƙafata. Ja, mulmulallu. Na tsuguna na ɗauki ɗaya na sa a haƙori.

"Baba! Baba Harold! Dawa!"

Ya fito da cokali a hannu, ya zaci wuta ce. Maƙwabcin ya saki baki yana kallon ma'aikaciyar jinya tana tsince abincin tsuntsu a ƙasa tana taunawa. Ashe dawa na nan buhu-buhu a Dagenham, ta tattabaru ce. Abincin da ya raine ni, ya raini uwata da kakata, shi ake watsa wa tsuntsaye don su yi gudu. Na yi dariya har da hawaye, a ƙasan dariyar kuma akwai wani abu mai ɗaci. Da Baba Harold ya yi masa bayani, mutumin ya shiga rumfarsa ya cicciɓo rabin buhu ya miƙo ta saman shinge.

A gauraye take da masara da wake. Muka baza a faranti, ni da tsoho da tabaransa, muna tsince ja ɗaya bayan ɗaya. Na jiƙa, na shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu kusa da tankin ruwan zafi. Da na buɗe na ga fararen tsiro sun fito kamar gashin jariri, na durƙusa na gode wa Allah. Muka busar a tanda da ƙaramar wuta, muka niƙa a injin niƙa nama na marigayiya, na dafa a babbar tukunyarta, na bar shi ya yi tsami yadda Inna ke yi. Ƙanshin ya cika gidan har bene. Baba Harold bai ji komai ba, ni kuwa na tsaya a tsakiyar kicin ina jin kamar in na juya zan ga awakinmu.

Na zuba ta zalla a kwalba don gwaji. Kafin mako ya fita ta zama abin da ko aladu sai sun yi shawara.

"Ba ta da ƙarfin tafiya," in ji Baba Harold. "Sai ta hau bayan gwangwani."

Nan aikin ya fara. Duk hunturun nan muna kan haɗi, tulu bayan tulu, kowanne sai an jira shi ya nuna kafin a san abin da ya zama. Muka haɗa da jan inabi, ya danne dawar gaba ɗaya, na ce wannan ta zama baturiya, Baba Tanko ba zai gane ta ba. Muka gwada wani mai ruwan lemo da suke ji da shi, ta fito tana ƙanshin man kitso. Ɗinya zalla ta yi bauri. Akwai Asabar ɗin da na ture kofunan na ce na gaji, gara in tattara in koma gida, karatun ya tafi. Ya tsince kofunan ya wanke, ya sake jerawa.

Tuffa ce ta cece mu. Ita ba ta da son a san da ita, ƙarfi take bayarwa ta koma baya ta bar dawa ta yi magana. Muka ƙara tsada kaɗan don tsamin nan da ke kama gefen harshe, da ɗigon ɗinya don launi ya koma ja mai duhu kamar ƙasar gonarmu. Ranar da na kurɓi wannan haɗin na rufe ido, na daɗe ban buɗe ba.

"Yaya?" ya tambaya a hankali.

"Ba burukutu ba ce, ba zan yi wa Inna ƙarya ba. Amma ƙanwarta ce da ta yi boko."

Muka cika babban tulu da ita. Ta yi ta bulum bulum, ina kwana ina tashi da muryarta. Da bazara ta shigo ta fara ja da baya, wata safiya kuma na buɗe kabad na tarar ta yi tsit. Baba Harold ya shafa hannu, ya ɗauko wata farar ƙwaya da yake jefawa don kashe sauran yisti. Na riƙe masa hannu.

"Ta mutu fa, Baba."

"Ta nuna dai."

"Ta mutu! Baba Tanko ba zai zuba wa ƙaninsa giyar da ba ta numfashi ba. Ba kumfa, ba motsi. Ku kun saba shan gawa, mu ba ma ba mamaci mamaci!"

Na faɗa da ƙarfi, a gidansa, bayan duk abin da ya yi. Ya mai da ƙwayar cikin kwalinta ya fita. Na ji yana ta buruntu a rumfar bayan gida. Can ya dawo da kwalabe biyu masu nauyi, koraye, gindinsu a lotse, ya ce na bikin cikar aurensu ne da ya kasa zubarwa.

"Ba mutuwa ta yi ba, Sara. Abinci ne ya ƙare mata ta yi barci. Za mu ba ta sukari ɗan cokali, mu toshe, mu ɗaure da waya. Za ta farka a ciki ta rasa hanyar fita. Ranar da aka buɗe, duk abin da ta tara za ta faɗa."

"In aka ƙara cokali fa?"

"Kwalbar ta fashe a jirgi."

Na kalli tsohon nan, na kalli kwalbar. A ce mutum ya iya sa giya barci, ya ɗaure ta, ya ce mata sai kin isa wuri kaza za ki tashi! Na ga jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga injin da ke hasko ƙashin mutum, amma ba wanda ya ɗaure mini kai kamar wannan.

Ya dafa kwalaben, ya dafa tiyo, ya dafa abin toshewa, don shi komai sai ya dafa. Muka cika ta gwaji, muka cika ta babana har baki. Kafin ya toshe na ɗauke ta na kafa kai na yi kurɓi ɗaya mai kyau.

"Sara! Yanzu na dafa ta!"

Na goge baki na gaya masa. A wurinmu mai giya ce ke fara sha a gaban jama'a kafin ta miƙa wa kowa, don a san ba komai a tukunyarta, ba komai a zuciyarta. Giyar da mai ita ba ta kurɓa ba, ba a karɓa. Ya ɗauko tiyo zai cike gurbin, na hana shi.

"Bar shi haka. Inna za ta gani."

Ya duba, ya ce dama ana son a bar mata wurin numfashi. Ya buga toshiya, ya murɗe waya.

Bayan 'yan makonni muka buɗe ta gwajin. Fus. Ɗan huci kamar na tsohuwar akuya, da kumfar da ba ta kai a kira ta kumfa ba. Ya ce gidan ne ba ɗumi, zafin ƙasarku zai ƙarasa aikin. Na dube shi da kyau, na ga shi ma fata kawai yake yi. Lokaci kuma ya ƙure, Ɗanjuma, wanda zai kai ta gida, ya riga ya ce, "Na yi booking, Yaya, ba zan iya yin cancel ba."

Hajara ta zo ranar Juma'a daga masallacin Regent's Park, da tsohon bargo a jaka.

"Kin san ba zan taɓa ta ba, ba kuma zan ɗauka ba," ta ce. "Auna mini da zare."

Na auna tsawo da faɗi na ba ta. Ta zauna nesa da teburin ta ɗinka wata jaka mai kauri, ninki uku, da maɗauri.

"Don Inna na yi," ta ce da ta miƙo, "ba don abin da ke ciki ba."

Ɗanjuma ya tafi da ita a kan cinyarsa kamar jinjiri, bayan Baba Harold ya sa shi ya gwada kwance waya a kwalbar gwaji har ya gaji. Ni kuwa na shiga jarrabawa da rabin hankali. Duk sanda aka buga ƙofa da ƙarfi a asibiti sai in ji kamar kwalbar ce ta fashe. Wani lokacin kuma fus ɗin nan nake ji, a gaban dangi duka.

Da kaka ta zagayo Ɗanjuma ya dawo. Wannan karon ya zauna a kujera, ya karɓi shayi, ya tsaya hura shi, har na ce in bai yi magana ba zan juye masa a kai.

"Yaya, an jera tukwanen ƙannenki a bakin kabari, duk suna tafasa. Na fito da kwalba, mutane suka fashe da dariya. Baba Tanko ya juya ta ya ce, 'Wannan maganin tari ne? Ba ta numfashi. Kuma wa ya kurɓa?' Sai Inna ta tashi, ta karɓe ta daga hannunsa, ta ɗaga ta saitin rana. Ta daɗe tana dubawa. Ta sa babban yatsa daidai inda ruwan ya tsaya, ta ce, 'Ga kurɓin 'yata. Na san girman bakinta.'"

Na toshe baki da hannu.

"Ya ce to, a buɗe a gani. Na fara kwance waya. Wallahi Yaya, ban gama ba. Tau! Kamar bindiga. Toshiyar ta tashi sama, har yau ba a gan ta ba. Baba Tanko ya yi tsalle baya, rabon da a ga ya yi tsalle tun yana saurayi. Kumfa ta yi ta ambaliya a kan kabarin, tana zuba, tana zuba, kamar ba za ta tsaya ba. Tsofaffin mata suka ɗauki guɗa. Ya tari sauran a ƙoƙo, ya shinshina, ya kurɓa. Can ya ce, 'Dawa ce. Ta sha hanya, amma dawa ce.' Ya zaro wuƙa."

Baba Harold na tsaye riƙe da butar shayi, yana kallon bakinmu, bai ji ko kalma ɗaya ba.

"Ta tashi?" ya tambaya. "Sara, ta tashi?"

"Ta tashi, Baba."

Ya ajiye butar, ya cire tabarau, ya shiga goge shi da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

Ɗanjuma ya jawo jakar bargon Hajara ya kwance. Kwalbar ce ta dawo, don a wurinmu ba a mai da mazubi ba komai a ciki. Inna ta cika ta da dawa daga rumbun babana, ta toshe da totuwar masara. Ta ce a ba tsohon nan, ya daina cin ta tattabaru, ga ta mutane. A jikin kwalbar kuma an nannaɗe igiyar rama, ta yi baƙi, bakinta a yanke.

Na warware ta na kai hanci. Warin Inna ne, gumin shekara guda, babu hayaƙi ko kaɗan a ciki. Nan ne na san tsawon zaman da ta yi, na kifa kai a tebur.

"Daina kuka, Yaya," in ji Ɗanjuma. "Ranar da zan taho na bi ta gidan. Tukunya na kan wuta, idonta ya yi ja, tana zagin ƙannenki kan itace. Mutane har sun fara ƙetaro rafi."